Gorar Tsimin Lado na Likoro

A duk ƙasar da ta tashi daga Likoro ta bi ta Makarfi har zuwa Furana, babu maganin ƙarfi da ya kama ƙafar tsimin Lado. Wannan magana ce da ba a jayayya a kanta, musamman da yake tun ranar da Allah ya yi wa Inuwa na Kurmin Kogi rasuwa, babu wani mai haɗa wa 'yan kokawa tsimi a yankin sai shi kaɗai.

Lado manomi ne kamar kowa a Likoro: masara da dawa da damina, ɗan tumatir a fadama da rani. Dogo ne siriri, mai ciwon gwiwar hagu da ya girmi duk 'ya'yansa. Sau ɗaya tak ya taɓa shiga kokawa, yana saurayi, aka ɗaga shi aka ajiye tun makaɗi bai gama gyara zaman ganga ba. A nan ya samo ciwon gwiwar, a nan kuma ya fahimci cewa tasa baiwar a gefen fili take.

Abin da mahaifinsa ya bar masa gora ce, wadda tsufa da shafar hannu suka mayar baƙa wuluk, da igiyar fata a wuyanta, da kuma sanin abin da ake jiƙawa a ciki. Sassaƙen maɗaci ne da na ƙirya, da citta, da kanumfari, da ɗan jar kanwa, sai wasu abubuwa biyu na sirri da ba ya faɗa wa kowa. Matarsa Kulu ce ke sayo masa su a kasuwar Makarfi, inda masu kayan yaji ke ƙulle mata su tun kafin ta gama gaisuwa.

Gorar tana da ƙa'ida biyu, kuma Lado bai taɓa wasa da su ba. Ta farko, ranar jajibirin kokawa gora takan kwana a ɗakin ɗan kokawar, a saitin kansa, don magani ya san mai shi. Ta biyu, idan an zo fili, mai tsimi ne zai fara kurɓa a gaban jama'a, kurɓa mai kyau ba ta ganin ido ba, sannan ya miƙa wa yaronsa. Ma'anar abin ita ce, ba ya ba ɗan wani abin da shi ba zai sha ba.

Shekara da shekaru samarin Likoro suna shan tsimin nan suna shiga fili bayan kaka. Wani lokaci su kayar, wani lokaci a kayar da su. Idan sun kayar, aikin tsimi ne. Idan an kayar da su, Lado yakan bincika, kuma bai taɓa bincike ya dawo hannu biyu ba: ko dai yaron ya ci miyar kuɓewa a makon, ko ya tsallake igiyar akuya, ko ya tsaya hira da budurwa a hanyar fili. Ta haka tsimin ya kai wannan zamani bai taɓa faɗuwa ba. 'Yan kokawa ne kawai ke faɗuwa.

Sai ga Ukasha, ɗan ƙanwarsa Huseina. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, maras yawan magana, wanda ke lodin rake a kasuwar Makarfi tun safe har rana ta yi sanyi. A kaka ta farko da ta biyu da ya shiga fili bai bambanta da sauran ba, har sau biyu Lado yana gano kuɓewa a tarihinsa. A kaka ta uku ne abu ya canza. Ukasha ya fara shiga fili kamar wanda aka aika. A murɗe masa hannu bai sani ba, a danne masa wuya bai sani ba, abokin karawa ya yi haki ya gaji shi yana nan kamar yanzu aka fara. Ya kayar a Ikara, ya kayar a Kurmin Kogi, ya je Furana ya kayar da Sada, wanda mutanen Furana suka daɗe suna cewa bayansa bai san ƙasa ba.

Ba Ukasha kaɗai abin ya shafa ba. Lado ya lura cewa duk ranar kokawa, jim kaɗan bayan ya yi kurɓarsa ta ƙa'ida, gwiwar hagun nan takan yi shiru. Ciwon da ya bi shi gona da masallaci tun yana saurayi sai ya ɗauke kamar an zare ƙaya. Ranar kayen Sada har rawa ya taka a tsakiyar fili, da furfurarsa, babbar riga na kaɗawa. Idan ya dawo gida kuma sai ya ƙi tuwo, ya zauna yana sosa hanci yana ba Kulu labarin kakanninsa tun daga kan wanda ya fara sare ƙirya. Ya yi tunani a kan lamarin, ya kai ga hukuncin da ya gamsar da shi: gora ce ta nuna. Ƙarfin tsimin zuriya uku ne ya taru a jikinta, yanzu ya fara fitowa. Makaɗa suka sa sunansa a kiɗa kafin na Ukasha. Mutanen da a da ke ce masa Lado kawai suka koma ce masa Mai Gora.

A wannan lokacin ne ƙwaya ta cika filayen kokawa, musamman tiramol, wadda ake samu a tiren mai tallan magani kusa da na mai goro. Wani saurayi a yankin ya yi kokawa da gocewar kafaɗa bai ji ba, ya ci gaba har aka tashi, hannun kuma bai sake ɗaga fartanya ba. Dattawa suka zauna suka kafa kwamiti, suka ɗora Malam Sa'idu, tsohon hedimasta, a kansa, aka hana ƙwaya. Kwamitin ba shi da na'urar gwaji. Abin da yake da shi shi ne tara 'yan kokawa a inuwa ɗaya tun azahar ana sa musu ido, da leƙa ƙwayar idonsu, da tambayar "ka sha?", wadda har yau ba a samu wanda ya amsa da e ba. Abu ɗaya aka yarda ya shiga bakin ɗan kokawa a fili bayan ruwa, shi ne tsimin gargajiya.

Wata rana bayan la'asar Malam Sa'idu ya tarar da Lado a dakalin ƙofar masallaci. Sa'o'in juna ne, tare aka yi musu kaciya. Suka gaisa har kan iyali da gona da gajiyar jiya, sannan hedimasta ya zauna.

"Mai Gora, wani yaro ne ya ɗaure ni da tambaya. Ya ce mun hana ƙwaya, to ina gorar Lado? Na ce bari in zo wurin mai ita."

"Haba Hedimasta, kai ma da karatunka? Tawa a bainar jama'a ake sha."

"To idan yaro ya tsaya a tsakiyar fili ya yi bisimilla ya haɗiyi tasa kowa na gani, ta halatta ke nan?"

"Tawa itace ne. Allah ne ya tsirar da shi."

"Zaƙami fa? Kamfani ne ya tsirar da shi?"

Lado ya gyara hula. "Ai kai tun muna yara haka kake. Shi ya sa aka kai ka boko, don gari ya huta."

"Saura ɗaya in ƙyale ka. Tsimin nan yana aiki?"

"Je ka Furana ka tambayi bayan Sada."

"Madalla. Idan yana aiki, yaronka ya shiga fili da abin da abokin karawarsa ba shi da shi, mu kuma muna tafa wa ƙarfin da ba nasa ba. Idan kuma ba ya aiki, ruwan ɗaci kuke ɗura wa 'ya'yan mutane tun zamanin babanka. Wanne zan gaya wa yaron?"

"Ka ce masa ya gaishe da babansa," in ji Lado, ya jawo takalmansa.

Amma tambayar ta bi shi gona. Yana yankan dawa yana juya ta. Bai taɓa tunanin cewa mutum zai iya tsayawa tsakanin zama macuci da zama maras amfani ba, a ce kuma ya zaɓi ɗaya. Sai da ya kusa gama gonar sannan ya samo amsa, amsar kuwa ba ta da laifi. Tsimi ba ya kawo wa mutum ƙarfi daga waje, nasa yake tasar masa, kamar yadda ganga ke yi, kuma babu wanda ya taɓa cewa a hana ganga. Ita kuwa ƙwaya ciwo take kashewa, ciwo kuma shi ne mai gaya wa mutum cewa ya isa haka. Wanda ba ya jin ciwo ba jarumi ba ne, kurma ne kawai a jikinsa. Kuma idan ƙwaya ce ke kayarwa, to an daina sanin wane gari ne ya fi maza, sai dai wane gari ne ya fi mai tallan magani. Lado ya ji daɗin wannan amsa ƙwarai, ya yi ta maimaita ta a hanyar gida yana ɗingishi. Bai tsaya ya tambayi gwiwarsa ra'ayinta ba.

Kafin ya kai wa hedimasta amsar, Kulu ta tare shi da wata magana. Washegarin wata kokawa ce, da hantsi, tana wanke gorar a bakin rijiya.

"Malam, wannan sabon haɗin naka, don Allah ka riƙa cire ɓawon kafin ka zuba. Sai na yi ta zungura da tsinke yake fita."

"Wane ɓawo?"

Ta miƙo masa tafin hannunta. Wasu 'yan abubuwa ne da suka jiƙa suka yi laushi, rabi kore rabi rawaya. Duk wanda ya taɓa wucewa ta gaban tiren mai magani ya san su. Ɓawon kafso ne.

Lado ya daɗe yana kallonsu. "Tun yaushe kike ganin wannan?"

"Tun kakar da ka fara rawa a fili."

"Kuma ba ki faɗa ba?"

"Ni da aka ce haɗin na sirri ne? Na ɗauka na uku ka ƙaro."

Bai ko karya ba ya hau mota zuwa Makarfi. Ya sami Ukasha a bayan wata babbar mota da damin rake a ka, ya jira shi ya sauke, ya ja shi inuwar wani mangwaro. Yaron ya durƙusa ya gaishe shi kamar kullum. Lado ya buɗe hannu. Ukasha ya duba, bai yi musu ba.

"Kawu, wallahi ba raini ba ne. Kwamiti na tsare mu tun azahar, ba halin haɗiyar komai. Gorarka ce kaɗai ba a leƙawa. Kuma ɗacin maɗaci yana rufe nata."

"Gorar ubana ka mayar tiren mai talla."

"Kawu, kowa fa sha yake. Sada ma sha yake, a cikin rake yake cusa tasa. In na shiga haka nan, ni kaɗai ne na shiga da hannu ɗaya."

"Haramun ne. Cuta ce."

Ukasha ya nuna motar da haɓa. "Ka ga wancan lodin? Da ƙwayar muke yin sa, dukkanmu. A nan in na sha na cika mota, sai a ce yaron kirki ne, ba ya wasa da aiki. Ba wanda ya taɓa kafa mana kwamiti. Sai a fili ne ta zama cuta, inda ake kaɗa mini ganga." Ya ƙara sunkuyar da kai. "Kuma kai ma don in fi ƙarfin wani kake ba ni tsimi. Ni dai na samo wanda ake ji ne."

Wannan ta shiga Lado fiye da yadda ya nuna. Yana da amsar da ya haɗa a gonar dawa, da gangarta da kurmanta, an kuma zo daidai wurin da ya kamata a faɗe ta. Amma abin da ya fito daga bakinsa daban ne.

"Ka sa ni na sha. Ni, da furfurata, a gaban garuruwa uku. Ka sa ni rawa."

"Ai Kawu ka ce gwiwar ta yi sauƙi."

"Rufe mini baki! Daga yau gorata ba ta ƙara kwana a ɗakinka."

"To, Kawu. Allah ya huci zuciyarka."

Da ya dawo gida ya ba Kulu labari, yana jin ya yi abin da ya dace. Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

"Huseina ta ce rannan Ukasha faɗuwa ya yi a kasuwa yana karkarwa, har ya ciji harshe. Suka ce iska ce. Ka yi masa maganar jikinsa?"

"Na yi masa maganar gora."

"Gora ba ta da uwa, Malam."

"Ni gora aka bar mini gado," in ji Lado, ya shige ɗaki.

Ya yi tunanin zuwa wurin Malam Sa'idu ya faɗi gaskiya. Idan ya faɗa, za a kori Ukasha daga fili, a kuma san abin da Mai Gora ya yi ta kurɓa yana rawa. Ya auna abin ya ga bai kamata a tozarta Huseina ba, marainiyar Allah da ɗa ɗaya. Ya ji daɗi da ya gano cewa saboda ita ne ya yi shiru.

Saura babbar kokawar rufe kaka, wadda aka sa a Kudan, inda Sada na Furana ya aiko cewa yana neman fansa. Lado ya san abin da ke gabansa. Idan Ukasha ya sha tsimi zalla aka kayar da shi, ba kuɓewar da za ta cece shi a wurin kansa, ko da ta cece shi a wurin mutane. Zai zama ruwan ɗaci ne shi da ubansa da kakansa suka yi ta yawo da shi. Duk da haka bai ja da baya ba, kuma wannan a rubuta masa shi. Ya wanke gorar da toka da ruwan zafi, ya shanya ta, ya shiga daji da kansa ya saro sabon sassaƙe. Ranar jajibiri, a karo na farko tun da aka fafe ta, gorar ta kwana a gidan mai ita. Magani bai san mai shi ba, sai dai su haɗu a fili.

Kudan ta cika. Mutanen Furana sun zo da makaɗansu, na Likoro a kan babura uku-uku. Kwamiti ya tara 'yan kokawa a inuwar ɗorawa, Malam Sa'idu yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana leƙa ido yana tambaya, kowa yana cewa a'a. Sada na zaune a gefe yana shan rake. Gorar kuwa tana hammatar Lado tun daga gida, ko alwala ya je da ita ya je.

Da aka kira su bayan la'asar, Lado ya fito tsakiyar fili, ya ɗaga gora, ya yi kurɓa mai kyau, ya miƙa wa Ukasha. Ya koma gefe ya tsaya yana jira. Gwiwar ta ci gaba da ciwo. Ta yi ta sara kamar kullum, har ta fi kullum saboda tsayuwa. Bai taɓa jin daɗin ciwo irin na ranar ba. Duk sarar da ta yi, shaida ce cewa babu komai a gorar sai abin da ubansa ya koya masa.

Karon ya daɗe. Sada ya kama wuyan Ukasha ya danne, jama'ar Furana suka miƙe, Ukasha ya zame. Suka sarƙe, suka zaga fili suna turzar ƙasa, gumi na zuba, alƙali na biye da su a sunkuye. Sada ya kai hannu ƙafa, ya murɗe ta yadda ko daga gefen fili sai da aka ji wani abu ya yi ƙara. Lado ya runtse ido. Da ya buɗe, Ukasha na tsaye, ya riga ya shige ƙarƙashin Sada. Ya sunkuce shi, ya juya da shi sau ɗaya, ya shimfiɗa shi a ƙasa.

Fili ya kece. Aka ɗauki Ukasha a kafaɗa. Makaɗa suka bar shi suka zo suka kewaye Lado, suna kiran gora, suna kiran ubansa da kakansa da sunayensu. Lado ya tsaya ƙyam yana rungume da ita, hawaye na bin gemunsa.

Malam Sa'idu ya ratso taro ya zo. "Mai Gora, yau ba rawa?"

"Gwiwa ta hana, Hedimasta. Amma ga amsar yaronka can, Sada ne ake kakkaɓe wa baya." Ya faɗa masa duka, tun daga ganga har zuwa kurman jiki, bai bar komai ba. Hedimasta ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce lallai akwai magana a ciki, zai kai wa kwamiti.

Lado ya koma Likoro a bayan babur, ƙafar hagu a miƙe, gora a cinya. Ya ci tuwo malmala biyu, bai sosa hanci ba, bai ambaci kakanni ba. Ya ce wa Kulu yanzu ko yau Allah ya ɗauki ransa, ya san abin da ya gada gaskiya ne. Har yau yana nan, yana noma masararsa, ana kuma zuwa neman tsimi daga garuruwan da a da ba su san hanyar Likoro ba. Gorar ba ta sake kwana a waje ba.

Ukasha kuwa, ranar Kudan, tun da hantsi ya sha ƙwayarsa a gida da koko. Da yake ba a gora ba ce, sai ya ninka, don kada ta sake shi kafin la'asar.